Zagayen da Ba Mu Yi Ba

Ni aka ba kyaftin a makarantarmu, ba don na fi kowa iya ƙwallo ba. Na fi kowa shekaru ne, na fi kowa murya, kuma in na ce a zauna, zama ake yi. Shekarata goma sha biyar ina aji biyar, don a ƙauyenmu ba a sa yaro boko sai ya iya riƙe fartanya tukuna. Ƙauyen yana tsakanin Kafur da Malumfashi, ƙasar dawa da auduga, lokacin duk muna cikin jihar Kaduna. Mishan ce ta gina makarantar, daga baya gwamnati ta karɓe ta, sai ya zama 'ya'yan Kirista da na Musulmi benci ɗaya muke zama, ƙwallo ɗaya muke bi, ba mai takalmi a cikinmu.

Wanda ya iya ƙwallon na gaske ɗan baffana ne. Gida ɗaya muka tashi, sashensu yana kallon namu, shekara ɗaya tak na ba shi. Yaya yake ce mini, ni kuma ƙanena nake ce masa. Lamba bakwai yake bugawa, gefen dama. Siriri ne, ba shi da surutu, amma in aka jefa masa ƙwallo gaba ya bi ta, kai, sai dai ka tsaya ka riƙe baki. A aji ma haka. Aji ɗaya muke, shi yana gaba, ni ina can baya ina fama, kuma duk malamanmu sun sa rai in mun kai aji shida zai ci jarrabawar shiga sakandare ba tare da wahala ba.

Baffa bai so bokon nan ba tun farko. 'Ya'yansa mata biyar, namiji shi kaɗai, ga shanun huɗa biyu, ga gonar auduga da ta fi ta kowa girma a dangi. Mahaifina da fasto ne suka yi ta binsa har ya haƙura. Ranar da ya ji an sa ɗansa cikin 'yan wasan makaranta, ya kira shi ƙofar gida, a gabana, yana zaune yana gyaran igiyar shanu. Bai ɗaga murya ba, Baffa ba ya ɗaga murya.

"Karatu na yarda, an fi ƙarfina. Amma ƙafar nan da damina tawa ce. Ranar da ka kai ta wajen ƙwallo aka lalata mini ita, ranar ka gama makaranta. Ka ji?"

"Na ji, Baba."

Duk wanda ya san Baffa ya san ba ya maimaita magana, ba ya kuma janye ta.

A shekarar ne aka kawo mana sabon malamin wasanni, saurayi Musulmi da ya fito daga kwalejin horon malamai ta wajen Zariya, da kekensa da usur a wuya. Kafin zuwansa, in za mu yi wasa, tashi kawai muke yi daga inda muke zaune, a ajiye ƙwallo a tsakiya, a hura usur. Shi ya ce a'a. Kafin kowane wasa sai ya jera mu layi ɗaya, ni a gaba, mu zagaye fili da gudu a hankali sau uku. A kowace kusurwa mu tsaya, mu miƙe gwiwa, mu sunkuya har tafin hannu ya taɓa ƙasa, yana ƙirga ɗaya zuwa goma. Mu juya hannuwa, mu harba ƙafa sama, mu tsuguna mu tashi. Daga ƙarshe gajeren gudu da ƙarfi, je ka dawo, sannan ya bi mu ɗaya bayan ɗaya yana shafa goshi. Wanda ya tarar da goshinsa a bushe, ya koma ya ƙara. Shi ɗumama jiki yake kiran abin, mu kuwa zagaye muka sa masa.

Da farko mun tsani abin ƙwarai. Na taɓa ce masa, "Malam, ƙarfin da za mu yi wasa da shi fa kake zubar mana." Ya cire usur daga baki ya ce, "Wane ne a cikinku yake ɗaura wa shanu garma da safe ya zabga musu bulala tun a kunyar farko?" Muka ce ba kowa. Ya ce don me? Golanmu ya ce ai sai sun ɗan taka tukuna, jikinsu ya saki. Malam ya ce, "To naman cinyarku ya fi na sa tauri ne?" Muka yi dariya, muka gyaɗa kai. Ni dai maganar ta bayan kunnena ta bi.

Amma abin ya yi aiki, wannan ko makaho ya gani. Da, minti goman farko na kowane wasa azaba ce: ƙafa nauyi, numfashi sama-sama, wani abu ya soke ka a gefen ciki, kafin mu farfaɗo an zura mana ɗaya ko biyu. Yanzu mu ne muke zurawa tun abokan wasa ba su gama miƙa ba. Ana hura usur in karɓi ƙwallo, in ɗaga ta dogo gefen dama, ƙanena ya bi ta. Muka cinye makarantun kusa da mu kaf. Muka je wajen Tsiga muka ci. Waɗanda suka saba yi mana dariya suka zo har gida muka ba su kashi.

Sai magana ta fara yawo. Mahaifiyata ce ta fara kawo ta gida daga kasuwar Kafur, ko kayan kanta ba ta sauke ba ta ce, "Kai, zo nan. Wai ɗaure fili kuke yi?" Mutane sun ga yara goma sha ɗaya a layi suna zagaye fili sau uku, suna dafa ƙasa a kusurwa huɗu, wani yana ƙirga musu, sannan a shiga wasa su ci. Me kake so su ce? Ga shi kowa ya san kakannin yawancinmu masu tsafi ne kafin zuwan mishan. Aka ce abin kakanni ne muka tono, muka samu malamin boko ya rufa mana asiri.

Ta ja kunnena, na rantse mata wasa ne kawai. Amma ga abin da ban gaya wa kowa ba: ni ma na yarda. Ina ƙarami na sha ganin kakana, kafin ya rasu, ranar da za a fara shuka, yana zagaye gonarsa shi kaɗai da sassafe. A kowace kusurwa sai ya tsuguna ya dafa ƙasa, bakinsa yana motsi. Mahaifina ya hana a yi zancen a gida, mu mutanen coci ne. To ranar da na ji zancen kasuwa sai abin ya faɗo mini, na ce ashe! Ashe wayo Malam ya yi mana, ya kawo zancen shanu don kada mu tsorata. Ni kuwa ban tsorata ba, daɗi ma na ji. Tun daga ranar in mun zo kusurwa, danna tafina nake yi sosai har sai ya bar shaida a ƙasa. Wawa, ƙato da ni, mai zuwa coci duk Lahadi. Ban taɓa tambayar Malam ba, don a ganina irin wannan abu ba a tambaya.

Wasan da zai kai mu na ƙarshe a yankinmu ya faɗo cikin damina, saura mako ɗaya a ba da dogon hutu, a wani gari can bayan Danja. Ba zan faɗi sunan garin ba, mutanen kirki ne, na sha cin tuwonsu daga baya. Ranar Asabar ce. Da safe muka fito ni da ƙanena, Baffa yana bakin turke yana zuba wa shanu dusa. Bai dubi ɗansa ba, ni ya duba.

"Ana ba ku hutu za mu shiga auduga, ciyawa ta fara ɗaga kai. Kai ne babba. Ga shi nan na ba ka shi da ƙafa biyu."

"To, Baffa."

Hedimasta ya samo mana akori-kurar wani mai ɗaukar hatsi, ba ta da rufi. Mu goma sha huɗu a baya, gwiwa a ƙirji, Malam a gaba da direba. Tun kafin mu bar Kafur hadari ya haɗo daga gabas, baƙi ƙirin, iska ta ɗauke, ko ganye ba ya motsi. Muka fara waƙa, muka bari. Da ruwan ya tsuge ba wurin ɓuya, sai buhunan wofi da muka lulluɓa da su, suka jiƙe suka ƙara mana nauyi. Sau biyu mota tana kafewa a laka, mu sauka mu tura, mu koma mu takure. Tafiyar da aka ce ta awa biyu ce ta cinye fiye da huɗu. Lokacin da muka isa ruwan ya koma yayyafi, haƙoranmu suna haɗuwa. Da na diro ƙasa ban ji tafin ƙafata ba. Ƙanena ya sauko yana dafa kafaɗata, leɓensa ya yi fari.

Duk garin da muka je wasa, yara ne suke tarar mota da ihu da tsokana. A nan ba wanda ya ce uffan. Filin yana gaban makarantarsu, mutane sun kewaye shi, manya sun fi yara yawa. A kowace kusurwa an dasa ƙatti biyu, kowa da gora a hannu, a tsaye cikin yayyafi. Wani tsoho yana bin bakin fili da ƙwarya, yana tsoma hannu yana yarfa wani abu a ƙasa. Ba mai kallon ƙwallon da ke hannun golanmu, ƙafafunmu suke kallo.

Hedimastansu ya zo da lema, kunya ta cika masa fuska. Ya gaisa da Malam, ya yi ƙasa da murya, amma ina kusa, na ji. Wai mai gari da dattawa sun ce a yi wasa lafiya a tashi lafiya, amma ba su yarda baƙi su taka fili ba sai an hura usur. Ba zagaye, ba dafa ƙasa. Kuma suna son Malam ya je zauren mai gari ya yi musu alkawari da bakinsa. Malam ya yi dariya, ya duba ya ga shi kaɗai yake yi, ya bari.

Kafin ya bi hedimastan ya ja ni gefe, ya riƙe mini hannu.

"Kyaftin, saurara. Ka kai su bayan azuzuwa inda ba mai ganinku. Ku yi gudu, je ka dawo, ku miƙe ƙafa kamar kullum. Yau ma ya fi kullum, dubi yadda kuke rawar sanyi. Kada wanda ya zauna. Har sai kowa ya yi gumi, ka ji ni?"

"Na ji, Malam."

Bayan azuzuwan wani lungu ne dogo tsakanin bango da gonar gyaɗa. Ya isa a yi gudu, wannan kam ba zan yi ƙarya ba. Kwanon rufi ya ɗan yi rumfa, ƙasan wurin a bushe, iska ba ta zuwa. Muna isa yara suka zube jikin bango, suka cure wuri ɗaya.

Golanmu ya ce, "Kyaftin, mu fara?"

Na dubi gonar gyaɗa. Na ce a raina, mu zagaye me? Fili yana can gaba, ƙatti sun tsare shi. In mun dafa ƙasa a nan, gyaɗar mutane za mu ɗaure? Na ɗauka Malam ya faɗa ne kawai don kada gwiwarmu ta yi sanyi. Na ce, "Ku zauna ku tara ƙarfi. Zagaye a nan ba shi da amfani." Ba wanda ya yi musu, wa zai ƙi zama a wannan sanyi?

Can sai ƙanena ya tashi, ya matso kusa da ni, yana murza bayan cinyarsa.

"Yaya, ƙafata ta yi nauyi, nan wurin kamar an ɗaure. Bari in ɗan yi gudu ni kaɗai, zuwa ƙarshen bangon nan in dawo."

"Zauna."

"Malam fa ya ce..."

"Ni Malam ya gaya wa ko kai? Kai kaɗai ke da ƙafa? Ka fi sauran ne? Na ce zauna!"

Ya dube ni, ya koma ya zauna, ya rungume gwiwarsa. Bai taɓa yi mini musu a gaban mutane ba, ranar ma bai fara ba. Wannan tsawar in na tuna ta har yanzu sai in ji kamar in mari kaina. Ba don komai na yi ta ba sai don ya ambaci Malam a gaban yara, ni kuma ga ni kyaftin.

Ni kuwa da nawa aikin a rai. Na ce musu zan je fitsari, na bi ta gefen aji, na kutsa cikin mutane. Da na zo daidai kusurwar farko sai na fara ɗingishi, na sunkuya kamar mai cire ƙaya, na zura hannu tsakanin ƙafafun mutane na danna tafina a bakin fili. Na yi haka a ta biyu. Ina nufar ta uku wani mai gora ya sha gabana. Gorar kawai ya dasa a gaban yatsun ƙafata, ya zuba mini ido. Na juya. Na koma bayan aji ina gaya wa kaina biyu ma ba laifi, rabin fili ke nan.

Mun fi rabin awa a zaune. Malam ya dawo da sauri, alƙalin wasa ya riga ya fara hura usur don rana ta yi ƙasa. Ba lokacin bin goshi ɗaya bayan ɗaya. Ya dube mu, riguna sharkaf, ruwa a gashi, ruwa a wuya, wa zai bambance ruwan sama da gumi?

Ya ce, "Kun yi?"

Na ce, "Mun yi, Malam."

Yara goma sha uku suna ji, ba wanda ya ɗaga kai. Da aka jefa kwabo aka zaɓi gida, sai gefen da na dafa ya faɗo gefen ƙanena. Har wani daɗi na ji, wai na yi masa gata.

Aka take wasa. Ko minti biyu ba a yi ba ƙwallo ta zo ƙafata, na ɗaga kai na ga gefen dama a buɗe, na aika ta dogo kamar yadda muka saba. Ƙanena ya zabura. Taku biyar, shida, ya wuce mai tsaronsa, mutane har sun fara cewa kai, kai! Sai na ga ya yi tsalle sama a banza, kamar wanda aka jefa da dutse ta baya. Ya kama bayan cinyarsa ta dama da hannu biyu, ya waiga yana neman wanda ya doke shi. Ba kowa kusa da shi, ko mutum ɗaya. Ya yi ƙoƙarin taka ƙafar, ta ƙi, ya zauna cikin laka. Bai yi kuka ba. Ni ya nema da ido, da na iso abin da ya ce mini shi ne, "Yaya, Baba."

Filin ya ɗauki ihu. "Ya karye! Asirin ya karye!" Masu gora suka ɗaga su sama, wasu suka sungumi tsohon nan mai ƙwarya suna zagayawa da shi. Ni kuma, Allah ya gafarta mini, ina tsugune a kan ƙanena, abin da ke raina shi ne da na samu na dafa sauran kusurwa biyun. An ci mu ranar, ban ma tuna nawa ba.

A goye na shigar da shi gida. Baffa yana zaune a ƙofar gida bisa kututture. Ya dubi ƙafar da ke reto, ya dube ni, ya tashi ya shige ciki. Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi. Washegari cinyar ta kumbura, kwana uku ta yi baƙi daga sama har bayan gwiwa. Maɗori ya zo ya lalluba, ya ce ba karaya, ba targaɗe, wannan ba aikinsa ba ne. Mahaifina ya ɗauke shi a keke zuwa asibiti a Malumfashi, aka ce naman cinya ne ya yage, ba magani sai kwanciya, wata biyu ko fiye, in ya matsa zai sake yagewa. Wata biyu! Aikin damina duka ke nan.

Aka ba da hutu, aka shiga auduga babu shi. Baffa yana riƙe da garma, 'yarsa ta biyu tana jan shanu, abin da ba ta taɓa yi ba, kunyoyi suna fita a karkace. Ni in na tashi daga gonarmu sai in wuce tasu da fartanya, ba wanda ya aike ni, ba wanda ya ce mini sannu. Duk da haka ciyawa ta cinye gefen gonar na wajen rafi, Baffa yana gani.

Malam bai tafi garinsu hutu ba sai da ya zo gidanmu. Ya jingine keke, aka shimfiɗa masa tabarma a ƙofar gida. Ƙanena yana kwance a gefe, ƙafa a miƙe, ni ina tsugune a bayansu. Malam ya yi gaisuwa, ya yi jaje, sannan ya shiga roƙo.

"Baba, yaron nan kansa ya fi ƙafarsa gudu. Ku bar shi ya gama aji shida. In laifi ne nawa ne, ni na kai shi."

Baffa ya ce, "Malam, an ce akwai abin da kake sa su yi kafin wasa don kada su ji ciwo. An yi masa ranar, ko an yi sakaci? In sakaci ne ka gaya mini, in san da wanda zan yi."

Ban taɓa jin Baffa ya tambayi abu bayan ya yanke magana ba. Ƙofa ce ya buɗe, 'yar ƙarama, kuma na gan ta sarai. Malam ya ce shi ba ya wurin, an kira shi zauren mai gari, amma ya bar umarni. Ya juya wajen ƙanena ya ce, "Gaya wa Baba." Ƙanena bai dube ni ba. Sama ya kalla, ya ce, "An yi, Baba."

Baffa ya gyaɗa kai. "To ka gani, Malam. An yi duk abin da kuka sani, ga shi nan a kwance. Na gode da tattaki. Ba zan sake ba da shi ba."

Ni na raka Malam, ina tura masa keke zuwa bakin hanya. Da muka yi nisa sai ya ce, "Abin nan ya ɗaure mini kai, Kyaftin. Irin wannan yagewar ta jiki mai sanyi ce. Wanda ya yi gumi, da wuya." Ya yi tsaki. "Wai fili nake ɗaurewa. Fili! Ina ruwan fili? Ko a cikin aji kuka yi, ko a kan titi, ko a bayan gidanku, duk ɗaya ne, jiki dai ya yi ɗumi."

Keken ya kusa kuɓuce mini. Na ce, "Malam, ko a ina?"

"Ko a ina mana. Ba shi ya sa na tura ku bayan aji ba?"

Ya tsaya ya dube ni, ni kuma na sunkuyar da kai ina taɓa sarƙar keke. Wataƙila ya gane, amma bai tambaya ba. Ga gidanmu can a baya, Baffa ko tabarma bai naɗe ba. Komawa kawai zan yi in durƙusa in ce ni ne, ƙanena ya tashi zai yi gudu na daka masa tsawa. Ban sani ba ko da Baffa ya sauko, amma ai da an gwada. Tsoro ya hana ni. Ina tsoron Baffa, ina tsoron mahaifina ya ji ɗansa ya yarda da tsafi, har da tsoron a karɓe kyaftin, in dai gaskiyar duka za a faɗa. Na miƙa wa Malam kekensa, na ce Allah ya kiyaye hanya.

Aka koma makaranta babu ƙanena. Ƙafar ta warke wajen kaka, sai dai in ya yi sauri tana ja. Na yi aji shida, na ci jarrabawa da ƙyar, aka tura ni sakandare a Funtua.

Ranar da zan tafi, na fito da akwatin ƙarfena ina neman wanda zai kama mini, sai ga ƙanena ya fito daga gona, laka har gwiwa. Kafin in yi magana ya sungumi akwatin ya ɗora a ka, ya shige gaba. Na bi bayansa har bakin titi, ina kallon yadda yake jan ƙafar. Da muka tsaya jiran mota na tattaro duk ƙarfin da nake da shi na ce, "Ranar nan, a bayan aji..."

Ya ce, "Yaya, bari."

Na bari. Mota ta zo, ya miƙa akwatin sama aka ɗaure, na shiga na zauna. Ya zagayo wajen taga, ya goge hannunsa a riga, ya dafa.

"In ka zo hutu kada ka bar littattafanka a can. Ka zo da su in gani."

Na ce to. Bai jira mota ta tashi ba, ya juya ya nufi gona, don ya baro shanu a ɗaure da garma.